Tun Ran Gini Ran Zane: Izinin Gini Da Ambaliyar Ruwa A Birnin Kano

A cikin watan Agusta na shekarar 2022, ruwan sama ya malale kasuwar Kantin Kwari da ke Kano, ya shiga kantuna da ɗakunan ajiya, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na miliyoyin naira. Da ruwan ya janye, abin da 'yan kasuwa suka fi kuka da shi shi ne gine-ginen da aka dasa a kan magudanun ruwa. Wannan kuka ya kamata ya shiga kunnen duk ma'aikacin da ke da hannu a rabon fili ko ba da izinin gini.

Kamar yadda mai karatu ya sani, Kano ba a bakin babban gulbi take ba. Garuruwan da ke gaɓar Kwara da Binuwai, in ruwa ya ci su kamar yadda ya yi a 2012, suna iya cewa daga nesa ya zo musu. Amma Kogin Kano da na Challawa ta kudu suka bi, ba su ratsa birni ba. Watau ruwan da ke cin unguwannin Kano shi ne wanda ya sauka a kan rufin gidajenta da titunanta, ya nemi hanyar fita ya rasa.

Mutanen da sun bar wa ruwa wurinsa. Ramukan da suka haƙa domin samun ƙasar gina gidaje da ganuwa su ne suka zama kududdufai, in an yi ruwa su cika, su riƙe shi har ƙasa ta shanye. Ragowar kuwa sai ya gangara rafin Jakara, ya wuce ta kusa da Kasuwar Kurmi, ya fice daga gari. To, da birni ya cika ya batse, fili ya yi tsada, sai aka shiga cike kududdufai da shara da ƙasa ana yanka fegi, fadamu kuma suka koma unguwanni.

Bari mu yi ɗan lissafi. Fegi mai ƙafa 50 da ƙafa 100, in aka yi masa ruwa mai zurfin milimita 50, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, zai karɓi wajen lita 23,000, watau fiye da duro 100. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa ke shanye kaso mai yawa. Da zarar an rufa kwano, an malale tsakar gida da siminti, kusan dukkan ruwan nan titi zai nufa, kuma a lokaci guda. In fegi 500 ne a sabuwar unguwa, an haura lita miliyan 11 ke nan, alhali kwalbatin da za su bi tun ana noma a wurin aka gina shi.

Ta fuskar doka ba a bar ma'aikaci hannu sake ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun Gwamna bisa amana domin amfanin jama'a. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 kuwa ta wajabta neman izini kafin a tayar da gini, ta kuma ba hukuma ikon hanawa. A Kano, Hukumar Tsara Birane ta jihar, wato KNUPDA, ita ke riƙe da wannan aiki. Tsara birni ma ba sabon abu ba ne a nan, domin an taɓa yi wa Kano da kewayenta tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Saboda haka magana ta koma kan abin da ake dubawa kafin a sa hannu.

Abu na farko, a san tarihin filin. Safiyon da ya je awo da rani busasshiyar ƙasa zai tarar, shi ya sa ya kamata ya duba tsohuwar taswira, ya tambayi mai unguwa da dattawa inda ruwa ke kwanciya da damina, ya kuma rubuta amsar a cikin fayil. In kududdufi ne ko hanyar rafi, hana izini shi ne daidai, a keɓe wurin ya zama matarar ruwa ko filin wasa.

Na biyu, a tambayi mai gini inda ruwan gidansa zai tafi. Zanen da ya nuna ɗakuna da bene amma bai nuna magudana ba, bai cika ba. A tabbatar daɓen ɗaki ya ɗara titi tudu, an bar tazara tsakanin katanga da lambatu, an kuma bar wani sashe na tsakar gida ba siminti. Wanda ya cike kwari ya ɗaga gidansa, maƙwabcinsa na gangare ya tura wa ruwan, kuma hukumar da ta yarje masa tana da kaso a alhakin.

Na uku, a sabuwar unguwa a fara da magudanu da kwalbatoci kafin a raba fegi, a auna girmansu da yawan gidajen da za a gina nan gaba, a kuma faɗi wanda zai riƙa yashe su. Bayan an ba da izini, lalle mai duba gini ya koma ya gani da idonsa ko abin da ke takarda shi ne ke ƙasa.

Wani zai ce jama'a na bukatar muhalli, in aka tsananta sai talaka ya koma awon igiya a bayan gari, inda babu mai tambayarsa takarda. Wannan gaskiya ce, maganinta kuwa shi ne gwamnati ta riga jama'a isa wurin, ta yanka filaye a kan tudu, ta sauƙaƙa kuɗin izini, ta rage jiran takarda. Rusau bayan mutum ya zuba gumin shekara da shekaru ya fi hani ciwo, ga kuma rigimar diyya.

Mun san ma'aikaci kan gamu da matsi daga sama, da roƙo daga 'yan'uwa da abokan arziki. Sai dai ya tuna za a iya yi masa canjin wurin aiki gobe, gidan da ya sa wa hannu kuwa yana nan shekara 50, kowace damina iyalin wani na kwana a cikinsa. Ɗaliban safiyo da injiniya da tsara birane kuma, tun suna makaranta su saba da zaga unguwa bayan an ɗauke ruwa, su ga inda yake bi da inda yake tsayawa, domin gobe su ne masu riƙe da alƙalamin. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mu daga sharrinta, amin.