Dajin Adar a Cikin Rani: Yadda Tsiro da Ƙananan Halittu Ke Jiran Ruwa

 

Duk wanda ya yi azumi a shekarun da watan ya faɗo cikin bazara ya san abin da ake kira ƙishirwa. Amma tamu ƙishirwar ta yini guda ce, magariba na yi randa na jiranmu. Yau za mu duba wasu maƙwabtanmu da ke shafe wata takwas ko tara ba su ga ɗigo daga sama ba. Ruwan da ke sauka a Tawa cikin shekara bai cika wuce milimita 400 ba, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, wanda kuwa ya nausa arewa wajen Abalak da Cintabaraden zai tarar ya fi haka ƙaranci. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Mai wucewa a mota ya dubi daji ya ce ya mutu. Bai mutu ba, jira yake yi, kuma kowace halitta da irin jiranta.

Ƙarangiya dai ba ta ja da rani ko kaɗan. Ruwa na sauka ta tsiro, cikin ƴan makonni ta yi kai, ta zuba ƴaƴa, ta bushe. Ranta duka ta tattara shi cikin ƙwayar da ke lulluɓe da ƙayar nan mai kama mana wando, ƙayar kuwa ita ce abin hawanta, domin da ita take bin bindin saniya zuwa wata ƙasa. Haka farar da ke cin hatsinmu take binne ƙwanta cikin rairayi a ƙarshen damana, ƙwan ya kwana bai ƙyanƙyashe ba sai ƙasa ta sake jiƙa.

Akwai kuma masu binne kansu da rai. Daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, kukan kwaɗi kan cika tabkunan bayan gari, har yara su ce daga sama suka faɗo. A ƙarƙashin ƙafarmu suke tun bara. Tabki na fara ƙafewa kwaɗo ya haƙa laka da ƙafafun baya ya nutse, da ruwa ajiye cikin mafitsararsa. Wasu irinsu fatarsu kan yi saɓa bisa saɓa har ta zama kamar salka ta rufe su, numfashi ya ragu, bugun zuciya ya yi ƙasa. Gaiwa ta fi shi ban mamaki. Kifi ce, amma tana da huhu. Idan ruwa ya janye sai ta shige cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama kube, ta bar ƴar kafa daidai bakinta inda iska ke shiga. Maganar nan ta kakanni cewa gaiwa jikinta take ci, masu bincike sun tabbatar da ita: naman jikinta take narkarwa kaɗan kaɗan har damana ta dawo, shi ya sa take fitowa a rame.

Icce kuwa ba shi da wurin gudu, dole ya tsaya a rana. A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita, kamar gumi a jikin mutum. Saboda haka duk iccen da ya zauna lafiya a Adar, to ya san yadda ake tsuke bakin aljihu. Bagaruwa ta mai da ganyenta ƙanana ƙwarai. Aduwa ta ƙara da ƙaya, kuma ƙayarta da ƙananan rassanta kore ne, suna yin aikin ganye idan ta kakkaɓe wani. Tumfafiya mai faɗin ganye ta shafe shi da wani farin kaki mai hana ruwa fita, ga farin nono mai ɗaci da ke sa dabba ba ta cika kusantarta ba.

Anza ita ce ya kamata mu tsaya a kanta. Ƙaramin icce ne da ba ya ɗaukar ido, ganyensa mai kauri kamar fata, kore shar a tsakiyar bazara bisa tudun da ko ciyawa babu. Ƴaƴansa na nuna ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ƙwayar na da ɗacin da ke cutarwa, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin a dafa. Dattawan da suka ga yunwar 1973, da ta 1984 wadda ake kira El-Buhari, da matasan da suka ga ta 2005, duk sun san gidaje nawa anza ta riƙe. Abin takaici, da zarar an ƙoshi sai a manta, a tono ta har saiwa don a hura wuta.

Gawo shi ya saɓa wa kowa. Da damana, sa'ad da kowane icce ya yi ado, shi sai ya tuɓe ganyensa ya tsaya kamar busasshe. Kaka na yi ya yi lif. Sirrinsa na ƙasa: saiwarsa ta tsakiya na bin ruwa zuwa zurfin da kan wuce mita 20, kamar rijiya, don haka bai damu da ruwan sama ba. Ganyen da ya zubar ya zama taki, inuwarsa ba ta danne hatsi da damana, ƴaƴansa kuma su ne kiwon awaki da rani. Ba banza ba sarakunan Damagaram na da suka kafa doka mai tsanani a kan saransa.

Ƙananan dabbobin tudu dabararsu rami da dare. Ƙasar da ke ƙona tafin ƙafa da azahar, in aka haƙa kamu biyu za a tarar da sanyi. Ƴan ɓerayen nan masu dogayen ƙafafun baya, waɗanda ke tsalle a hasken mota kan hanyar Abalak, suna iya rayuwa ba su sha ruwa ba. Daga ƙwayoyin da suke ci jikinsu ke fid da ruwa, fitsarinsu kaɗan ne mai kauri, da rana kuma sukan toshe bakin rami don damshin numfashinsu ya tsaya ciki. Tururuwa kuwa manomiya ce mai rumbu. Da kaka take jido ƙwayar ciyawa tana kai wa ɗakunanta na ƙarƙashin ƙasa, har a shekarun yunwa mutane suka riƙa tona gidanta suna sheƙe abin da ta tara.

To, in duk waɗannan sun iya da fari, me ya sa daji ke ja da baya? Domin dabararsu duka a kan abu guda ta dogara: ƙasa ta sha ruwan da ya sauka. Inda gatari ya gama da icce, iska ta kwashe rairayin sama, sai fako ya bayyana, tauri kamar daɓe. Ruwa ya sauka ya gangara cikin ƙorama, ƙwayar ƙarangiya ba ta da wurin maƙalewa, kwaɗo ba shi da wurin haƙa. Wannan shi aikin raya ƙasar Kaita ya tasar wa gyarawa tun 1984 da taimakon ƙasar Italiya, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su don tare ruwa.

Tun ƙarshen shekarun 1980 kuma manoman Illela da Badagishiri suka rungumi tassa. Da rani ake haƙa ƙananan ramuka bisa fako, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin kowane rami. A nan ne gara, wadda muke tsine wa don tana cin azara da littattafanmu, take shigowa. Taki ya jawo ta, ta huda fakon da hanyoyinta, ruwan farko ya bi hanyoyin ya nutse maimakon ya gudu. Cikin kashin awakin nan kuwa akwai ƙwayar gawo da ta bagaruwa, waɗanda cikin dabba ya riga ya tausasa musu ɓawo. Sau da yawa manomi hatsi kawai ya shuka, sai ya tarar da ɗan gawo ya leƙo a gefen ramin. Wanda ya gan shi a gonarsa bana, ya kauce masa da hauya, ya kewaye shi da ƙaya kafin a saki dabbobi.

Sai gobe war haka, in Allah ya kai mu.