Zullumi a Fim: Yadda Ɗalibi Zai Riƙe Hankalin Mai Kallo

Ɗaliban da ke koyon shirya fim sukan ɗauka cewa fim mai tayar da hankali ba ya yiwuwa sai da kuɗi masu yawa da ƙarar bindigogi. Haƙiƙa abin da ke manne mai kallo a kujerarsa shi ne zullumi, wato fargabar abin da bai riga ya auku ba, kuma tushensa yana cikin jikin ɗan Adam.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da masana ke kira amigdala, wanda aikinsa shi ne lura da alamun haɗari. Da zarar ya ga alama, sai saƙo ya bi jijiyoyi zuwa wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke bisa ƙoda, su kuma su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take bugun zuciya zai ƙaru, numfashi ya yi sauri, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Wannan sashe ba ya jiran tabbaci, domin kuwa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa hoton majigi kan iya motsa shi, ko da yake mai kallo ya san wasa ne.

Shahararren mai shirya fim ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, ya bambanta razana da zullumi a wata hira da ya yi a 1962. Alal misali, mutum biyu suna hira, sai bam ya tashi a ƙarƙashin teburinsu: 'yan kallo za su razana na daƙiƙa 15 kawai. Amma idan an nuna musu bam ɗin tun farko, ga kuma agogo yana tafiya, to za su yi minti 15 cikin ɗar-ɗar. Bambancin shi ne sun san abin da mutanen biyu ba su sani ba.

Kimiyya ta jarraba wannan dabara. A 2008, Uri Hasson da abokan aikinsa na Jami'ar New York a Amurka sun wallafa sakamakon ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mutane yayin da suke kallo. Sun nuna musu wani wasan talabijin na Hitchcock na 1961, inda yaro ke yawo da bindiga mai harsashi yana zaton ta wasa ce. Kimanin kashi 65 cikin ɗari na ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya riƙa aiki iri ɗaya a lokaci guda. Da aka nuna musu hoton jama'a suna kai da kawowa a wani dandali, ba tare da wani shiri ba, adadin bai kai kashi 5 ba.

Ɓoye abin tsoro ma dabara ce. A fim ɗin Jaws na 1975, kifin roba mai inji da aka ƙera ya yi ta lalacewa, saboda haka Steven Spielberg ya rage nuna shi, ya bar kiɗa mai sauti biyu yana sanar da zuwansa. Sauran aikin kuwa, tunanin mai kallo ne ya ƙarasa shi.

Saboda haka, ɗalibin da ke da kyamara ɗaya da 'yan wasa uku zai iya cim ma burinsa. Da farko ya sa 'yan kallo su damu da jaruminsa, domin babu mai fargaba a kan wanda bai dame shi ba. Sannan ya nuna musu haɗarin da wuri, ya ƙayyade masa lokaci, ya jinkirta aukuwarsa. Bugu da ƙari, ya riƙa sassautawa a tsakani, domin jijiyoyi kan saba da abin da ya daɗe ba ya sauyawa. Takun sawu a bayan ƙofa, bayan an yi tsit, ya fi kururuwa goma tayar da tsikar jiki.