Sabon Nas a Ɗakin Masu Ciwo Mai Tsanani

Kowace shekara akan sami waɗansu 'yan aji shida da suke cewa aikin jinya za su yi. Wannan bayani dominsu ne, musamman wanda zai sami kansa a ɗakin nan da ma'aikatan asibiti suke kira ICU, inda ake kwantar da waɗanda suke rai kwakwai mutu kwakwai.

Bari mu fara da asalin ɗakin. A shekarar 1952 annobar shan-inna ta auka wa birnin Kopenhagen na ƙasar Denmark, marasa lafiya da yawa suka kasa numfashi. Wani likita mai suna Bjørn Ibsen ya ba da shawara a huda maƙogwaro a sa bututu, a riƙa tura iska cikin huhu da jakar roba. Da yake injuna ba su isa ba, sai aka kira ɗaliban likitanci fiye da 1,000, suka yi ta matsa jakar da hannu bi da bi, dare da rana, har makonni. Mutuwa ta ragu ƙwarai. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗaki na musamman domin irin waɗannan majinyata. Yanzu inji ne yake yin numfashin, amma har yau akan ajiye jakar nan kusa da gado. A ƙasarmu, inda wuta takan ɗauke ba sallama, sabon nas ya fara sanin inda take tun ranar farko.

Hanyar shiga ba ɓoyayya ba ce. Ana bukatar kiredit 5: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Daga nan sai makarantar koyon jinya, ko jami'a inda karatun yake ɗaukar shekara 5, sa'an nan jarrabawar Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Nijeriya, wadda take ba da lasisi. Akwai kuma ƙarin kwas na wannan fanni a waɗansu asibitocin koyarwa. Amma ana iya tura mutum ɗakin tun bai yi kwas ɗin ba.

To, mene ne aikin? Yawancinsa lura ne. Nas ɗaya yakan riƙe majinyaci ɗaya ko biyu kaɗai. Kowace awa zai rubuta bugun zuciya, awon jini, numfashi da yawan fitsari. Zuciyar babban mutum mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, yakan kuma yi numfashi sau 12 zuwa 20. Haddace wannan ba wuya. Abin da yake ɗaukar lokaci shi ne gane inda lambobin suka dosa. A ce bugun zuciya 85 ne da ƙarfe biyu, 98 da ƙarfe uku, 112 da ƙarfe huɗu, fitsari kuma yana ta raguwa. Mai yiwuwa ne inji bai yi ƙara ba tukuna, alhali jini yana zuba a cikin mutumin.

A nan ne tarbiyyarmu takan ba sabon nas wahala. An koya mana kada yaro ya katse babba, kada kuma ya cika tambaya. A wannan ɗaki kuwa, wanda ya ji kunyar tashin likita da ƙarfe huɗu na asuba, ko ya ƙi ce wa Sista "ban gane ba", ran wani ya sa cikin haɗari. Akwai magunguna, kamar adirenalin, da ake lissafa su bisa nauyin jiki da kuma minti. Ɗigo ɗaya ya kauce a lissafi, an ba da ninki goma ke nan. Shi ya sa nas biyu suke duba irin wannan magani tare. (Masu gudun ajin Lissafi, kun dai ji.)

Sauran aikin na hannu ne: juya majinyaci duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito, share masa baki, ɗaga kan gado kamar digiri 30 don kada abin ciki ya koma huhu, da wanke hannu kafin a taɓa shi da bayan an taɓa. Ko da bai farfaɗo ba, akan kira sunansa a faɗa masa abin da za a yi, gama waɗansu sukan ji.

Duk da wannan ƙoƙari, waɗansu za su rasu a hannunka. Tsofaffin ma'aikata sun san nauyin mutuwar farko, saboda haka ka nemi ɗaya daga cikinsu ku yi magana kafin ka tafi gida ran nan.