Kada ku sayar da tsohon injin niƙa a kilo



A ƙauyuka da yawa na jihar Maraɗi akwai tsohon injin niƙa da ya daina aiki. Yana kwance cikin ɗaki, tsatsa ta ci shi, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suna yawo, suna tayawa a kilo. Mata kuwa sun koma ga turmi da taɓarya, ko su ɗauki hatsi a ka zuwa wani gari. Kafin ku sallama injin, ku karanta wannan bayani, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba.

Injin da muke magana shi ne mai tukunya guda, mai manyan ƙafafun ƙarfe biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Gazuwal yake sha. Kamfanin Lister na garin Dursley, a ƙasar Ingila, ya fara ƙera irinsa a 1929, ya daina a 1987. Amma maƙeran Indiya, musamman na birnin Rajkot, sun kwaikwayi ƙirar. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo ƙasashenmu na Indiya ne. Wannan abin murna ne gare mu, domin kayan gyaransa ba su ɓace daga kasuwa ba.

Akwai irinsa mai ƙarfin doki 6. Yana juyawa sau 650 a minti guda. Ƙananan injunan zamani na juyawa sau 3000 ko fiye. Wanda ke tafiya a hankali ba ya saurin cinyewa. Shi ya sa injin da ya girmi mai shi yake iya tashi. Nauyinsa ya fi buhu uku na hatsi, kuma kusan duka ƙarfen zubi ne. Ba ya son batir. Da hannu ake tada shi.

A fara da dubawa

Kada a sayi kome tukuna. A share injin, a wanke shi da kananzir, a duba jikinsa da rana. In gangar jikin ta tsage, ko ƙafar ƙarfen ta tsage, a dakata. A ƙwanƙwasa ƙafar da ƙaramar guduma. Mai lafiya tana ƙara kamar ƙararrawa. Mai tsaga muryarta a dushe take. Ƙafa mai tsaga tana iya tarwatsewa cikin gudu ta kashe mutum. Ba a yi mata walda, sai dai a sake wata.

Sannan a gwada juya ƙafar da hannu. In ta juya, rabin aiki ya ƙare. In ta ƙi, fistan ne ya kafe da tsatsa. A nan ne mutane ke ɓata inji, don gaggawa. Wani ya kawo ƙaton ƙarfe ya danna, wani ya kawo guduma. Kada ku yarda. A cire kan injin, a zuba gazuwal bisa fistan, a bar shi ya jiƙa. Kowace safiya a girgiza ƙafar kaɗan, gaba da baya. Yana iya ɗaukar kwana uku, yana iya ɗaukar sati biyu.

Injin gazuwal ba shi da fulogi kamar babur. Fistan na matse iska har ta yi zafi ƙwarai. Sai a fesa mata mai, mai ya kama da kansa. Ke nan abu uku yake bukata: iska mai tsabta, mai mai tsabta, da matsi. In ya ƙi tashi, ɗayan ukun nan ne ya rasa.

Matsi na zurarewa ta zobban fistan da suka cinye, ko ta bawul da ba ya rufewa da kyau. Zobba ana sake su. Bawul ana wasa shi. Wannan aikin makaniki ne, kuma akwai masu yin sa a Maraɗi. Ku kira wanda ya saba da injin niƙa, ku yi jinga kafin ya kwance ko ƙusa guda. Ku sa samari biyu na gari su tsaya kusa da shi, su ga yadda yake yi. Gobe su ne masu gyara.

Tankin mai a wanke shi sarai. A zubar da tsohon baƙin mai, a zuba sabo. A sake matatar mai. Bayan haka a fitar da iskar da ta shiga bututun mai, don ƙwayar iska guda tana hana shi tashi. In ana juya hannu, a saurara. Bakin feshin mai, wanda makanikai ke kira nozul, yana yin ƴar ƙara duk lokacin da ya fesa. In ba a ji ta ba, mai bai iso ba.

Ranar tayarwa, a ɗaga ƙaramin ƙarfen da ke sakin matsi, a juya hannu har ƙafafun su ɗauki gudu, sannan a sake shi. Mai juyawa ya haɗa babban yatsa da sauran yatsu gefe guda, don hannun yana iya dawowa baya. Hayaƙi zai faɗa muku lafiyar injin. Baƙi na nufin kaya sun yi masa yawa, ko iska ba ta isa. Shuɗi na nufin yana ƙone baƙin mai. Fari na nufin mai ba ya ƙonewa duka, ko ruwa na shiga.

A kafa shi bisa daɓen siminti mai kauri, a ɗaure da ƙusoshi. Duron ruwan sanyaya shi ya kasance cike kullum. Bututun hayaƙi ya fita waje, don hayaƙin yana kisa cikin rufaffen ɗaki. A yi wa bel shinge. Babbar riga, rawani da mayafi ba su kusantar bel. Yara su tsaya bakin ƙofa.

Wane aiki zai yi?

Mu a ganinmu, nan ne maganar take. Injuna da yawa ba tsufa ya kashe su ba. Aiki ne ya yi musu kaɗan. Niƙan safe da na marece kawai ba ya biyan mai, da ladan mai aiki, da gyara.

A ƙasar Mali, cikin shekarun 1990, an fara wata dabara da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, har da PNUD. An ɗora irin wannan inji bisa gado guda na ƙarfe, an jera masa na'urori. Da sauya bel sai ya yi niƙa, ya yi sussuka ko surfe, ya juya dinamo ya ba da wuta. Ƙungiyoyin mata ke riƙe da shi. Dabarar ta bazu zuwa Burkina Faso, Senegal, Gini da Nijar.

A nan wajenmu, bayan niƙan hatsi da dawa da masara, akwai markaɗen gujiya. Masu ƙuli-ƙuli na Tibiri da kewaye sun san wahalar daka soyayyar gujiya a turmi. Su ne za su cika wa injin tsakar rana. Da rani kuma yana iya jan famfo a fadamar gulbi. Amma ku lura: famfon da ke bisa ƙasa ba ya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. Inda ruwa ya yi nisa, kamar rijiyoyin burtsatse na gandun noman rani na Jiratawa, famfon lantarki ake zurawa cikin rijiyar. Cajin salula kuwa, farantin hasken rana ya fi araha. Kada a tada ƙaton inji don waya biyar.

Wasu na tambaya ko zai sha man gujiya. Zai sha. A baje kolin birnin Paris na 1900 an nuna injin gazuwal yana aiki da man gujiya. A Mali an yi amfani da man bini da zugu. Sai dai man ganye yana da kauri. Dole a tace shi sosai, a tada injin da gazuwal, a kashe shi da gazuwal, in ba haka ba nozul ya toshe. Kuma in litar man gujiya ta fi litar gazuwal tsada a kasuwar Maraɗi ran Litinin ko Juma'a, a sayar da man, a sayo gazuwal.

Littafi da akwati

In injin na cikakken aiki yana shan kamar lita 1 zuwa 1 da rabi a awa. Baƙin mai a sake shi bayan awa 250 na aiki. Wa zai san an kai awa 250? Sai wanda ya rubuta.

Ku da kuke karatun yaƙi da jahilci, ga aikinku. Ku sayi littafi guda. Kowace rana a rubuta awa nawa injin ya yi, lita nawa ya sha, tiya nawa aka niƙa, kuɗi nawa suka shigo. Mai aikin inji daban, mai rubutu daban, mai riƙon akwati daban. Kuɗin da suka shigo a raba su uku: na mai, na ladan ma'aikata, na gyara. Kason gyara ba a ranta shi don biki ko suna, ko mai gari ne ya tambaya. Ƙarshen wata a karanta littafin a gaban taron gari, da murya mai ƙarfi, mata na zaune.