Kamfani ɗaya, ranakun hutu daban-daban

Manajan da ke da ma'aikata a Riyad da Dubai da Paris, kafin ya kira taro sai ya duba kalanda. Tun 2013 Saudiyya ke hutun mako ranar Juma'a da Asabar. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa, inda Dubai take, ta koma Asabar da Lahadi a farkon 2022, ma'aikatan gwamnati suna tashi da tsakar ranar Juma'a. Ke nan kwana huɗu kacal, Litinin zuwa Alhamis, kowa ke ofis tare.

Azumi ma yana da nasa lissafi: dokar ƙwadago ta Saudiyya ta rage aikin Musulmi zuwa awa 6 a rana cikin Ramadan. A Faransa makon aiki awa 35 ne bisa doka, kuma tun 2017 ma'aikaci na da haƙƙin ƙin duba saƙon ofis bayan an tashi.

Abin da doka ba ta rubuta ba ya fi wuyar sha'ani. Baholande kan gaya wa shugabansa kuskurensa a bainar jama'a, Bajapane sai ya yi shiru. Manajan da ya ɗauki wannan shirun a matsayin amincewa, ya yi babban kuskure.