Tsare Lafiya Wajen Aiki da Injin Goge Katako

A da, in kafinta ya gama haɗa tebur ko ƙyaure, sai ya ɗauki samfefa ya yi ta guga da hannu har katakon ya yi santsi. Yanzu kuwa injin lantarki ya karɓi wannan aiki a rumfunan kafintoci da na masu walda da na masu gyaran jikin mota. Aikin da kan ci wuni guda, inji ya gama shi kafin azahar. Wannan ci gaba ne, ba shakka. Amma da yawa daga masu riƙe injin nan yara ne masu koyon sana'a, waɗanda iyayensu suka danƙa amanarsu ga maigidan aiki. Saboda haka aka ga ya kamata a bayyana wa Hakimai da malamansu yadda injin yake da inda haɗarinsa yake, domin su isar wa jama'arsu.

Yadda Injin Yake

Iri uku aka fi gani. Na farko mai ɗamara ne, watau samfefa ce aka haɗa baki da baki, tana zagaya ƙarafa biyu masu juyawa. Na biyu mai faifai ne, wani a kafe bisa tebur, wani kuwa na hannu, kamar giranda, wadda ƙaramarta kan juya fiye da sau 10,000 cikin minti guda. Na uku mai karkarwa ne, da shi ake aikin ƙarshe kafin a shafa fenti. Samfefa kuma tana da lamba: mai lamba 40 tana da kaushi ƙwarai, mai 120 matsakaiciya ce, mai 220 laushi gare ta. Wanda ya zaɓi lambar da ta dace ba shi da bukatar danna inji da ƙarfi.

Haɗarin da Ido Ke Gani

Inji bai san bambancin katako da fatar mutum ba. Abin da ya taɓa, shi yake ci. Hannun babbar riga, ko wutsiyar rawani, ko carbi, in ɗamara ta cafke ɗaya daga cikinsu, sai ta jawo hannun mutum kafin ya farga. Faifan da ya tsage yakan fashe ya yi tsalle. Wayar da ta kware, ko aka cusa tsirararta cikin soket ba filogi, tana iya kashe mutum, musamman da damina in ƙasa ta jiƙe.

Akwai kuma wani haɗari da ya kamata a lura da shi ƙwarai a ƙasar nan. Sau da yawa akan ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sai ma'aikaci ya ajiye inji a kunne ya tafi. Da an maido da wuta ko an ta da janareto, sai injin ya tashi da kansa, ya zabura bisa tebur, ya sami wanda ke kusa.

Haɗarin da Ido Ba Ya Gani

Kowa yana tsoron yankan yatsa, gama jini ake gani nan take. Amma ƙura ita ce babbar cuta, domin ba ta nuna kanta sai bayan shekaru. Garin katako mai kauri yakan faɗi ƙasa, amma mai laushin yana daɗewa cikin iska, shi ne kuwa ke shiga can cikin huhu. Ƙurar iroko da ta obeche an san su da kawo fuka da ƙaiƙayin fata. A shekarar 1995 hukumar binciken sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo wa ɗan Adam sankara, musamman ta cikin hanci.

Tsohon fenti ya fi wannan muni, domin wani akwai dalma a cikinsa. Ba a manta da abin da ya faru a ƙasar Anka da Bukkuyum cikin Jihar Zamfara a shekarar 2010 ba, sa'ad da yara wajen 400 suka rasu saboda ƙurar dalma. Ita waccan daga niƙan dutsen zinariya ta fito, amma dalma ɗaya ce ko ina ta fito. Mai goge tsohon fenti yakan kai ta gida a rigarsa da gashinsa, 'ya'yansa ƙanana kuwa su ne ta fi yi wa lahani.

Ƙarar inji ita ma tana cin ji kaɗan-kaɗan, jin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. In mutum biyu suna tsaye, tsakaninsu taku biyu, amma sai sun ɗaga murya za su ji juna, to, ƙarar ta kai ta cuta. Karkarwar inji kuma, in an daɗe ana riƙe shi kullum, takan sa yatsu su riƙa mutuwa.

Ƙa'idodin Aiki

1. A duba waya da filogi da samfefa kafin a fara. Abin da ya tsage a canja shi, kada a ɗinke.

2. A zare filogi kafin a canja samfefa. In ɗamara tana da kibiya a cikinta, a bi inda ta nuna. Kada a cire murfin faifai.

3. A tuɓe babbar riga da rawani da zobe, a sa rigar aiki mai kama jiki. Kada a sa safar hannu wajen injin da ke kafe.

4. A ɗaure katako da kyau, a riƙe inji da hannu biyu. A faifan da ke kafe, a goga ta gefen da ke juyawa ƙasa.

5. A sa tabaran aiki, da abin toshe kunne, da takunkumi mai lamba N95 ko FFP2 ko FFP3. Ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci ba ya tare ƙura mai laushi, shan madara kuma ba ya wanke huhu.

6. A yi aiki inda iska ke ratsawa, a ɗaura wa inji jakarsa ta tara ƙura. A yayyafa ruwa kafin shara.

7. Kada a goge ƙarfe kusa da garin katako ko fetur ko tina, gama tartsatsi ɗaya ya isa gobara.

8. In an ɗauke wuta a kashe inji nan da nan. Kada a ajiye shi sai ya tsaya cik.

9. Wanda ya goge tsohon fenti ya wanke hannu kafin ya ci abinci, ya bar rigar aiki a wurin aiki.

In Haɗari Ya Auku

Wanda lantarki ya kama, kada a taɓa shi da hannu. A fara kashe wuta, ko a ture shi da busasshen katako. In abu ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta, kada a murza, kada a tsokane. In yanka ne, a danne da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba garin katako ko baƙin mai a rauni. Sa'an nan a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Abin da Ake Bukata ga Hakimai

Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa masu masana'antu tsare injuna masu haɗari, da fid da ƙura, da tsare idon ma'aikata. Dokar 2010 kuma ta yi tanadin diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni wajen aiki. Amma sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ba za su leƙa kowace rumfa ba, Dagaci da Mai'unguwa kuwa sun san kowacce.

To, ana roƙon kowane Hakimi ya tara shugabannin kafintoci da na masu walda na gundumarsa, malaminsa ya karanta musu ƙa'idodin nan ɗaya bayan ɗaya, a liƙa su a rumfuna. A gargaɗe su kada a ba yaro inji sai an koya masa, maigida yana tsaye a kansa. Kuɗin tabarau da takunkumi bai kai na jinyar ido guda ba, riga-kafi kuwa ya fi magani.