Tufafin Aiki Masu Tambari: Ado Ne ko Jari ga 'Yan Kwangilar Noma a Gombe?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Tudun Hatsi ta garin Gombe, ko ya leƙa shagunan masu sayar da takin zamani da maganin ƙwari a gabanin faɗuwar damina, zai ga ma'aikata sanye da riguna da huluna masu ɗauke da sunan kamfani. Tambayar da masu ƙananan masana'antun noma suke yi ita ce, shin kuɗin da ake kashewa wajen ɗinka irin waɗannan tufafi yana dawowa, ko kuwa ƙawa ce kawai wadda ta dace da manyan kamfanoni?

Kafin a amsa, ya kamata a dubi yadda harkar noma ta sauya a wannan yanki. Tun shekarar 1956 aka kafa injin gurzar auduga a Gombe, jirgin ƙasa kuma ya iso garin a 1963, abin da ya mayar da shi matattarar auduga da gyaɗa. A tsakiyar shekarun 1970 Gombe ta kasance ɗaya daga cikin wurare uku na farko, tare da Funtuwa da Gusau, da aka fara shirin bunƙasa aikin gona da tallafin Bankin Duniya. A wancan zamani hukuma ce take kai wa manomi taki da iri da hayar tarakta, kuma manomi ya san malamin gona da fuska da suna. Bayan ƙirƙiro Jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoba, 1996, da faɗaɗar noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Dadin Kowa, galibin waɗannan ayyuka sun koma hannun 'yan kasuwa: masu hayar tarakta, masu feshi, masu injin casar shinkafa da masara, da wakilan masu sayen amfanin gona. Ma'ana, baƙo ne yake shiga gonar manomi a yau, kuma sau da yawa sai ya karɓi kafin alƙalami kafin ya fara aiki.

A nan ne amfanin farko na tufafi masu tambari yake fitowa, wato shaida. Manomin da ke Kumo ko Bajoga ko Deba wanda ya biya kuɗin huɗa yana bukatar ya san wanda zai nema idan ba a zo ba, ko idan an yi masa aikin ganin ido. Riga mai ɗauke da sunan kamfani da lambar waya tana nuna cewa akwai mai gida a bayan direban, kuma akwai ofishin da za a kai ƙara. Haka nan mai kamfani yana samun hanyar sa ido a kan yaransa, domin ma'aikacin da ya san sunan maigidansa yana rubuce a bayansa ba zai yi saurin karkatar da tarakta zuwa wata gona don amfanin aljihunsa ba.

Amfani na biyu shi ne talla. Ɗan kwangilar noma ba ya samun abokan ciniki ta hanyar jarida. Yana samunsu ne a bakin gona da ranar kasuwa. Maƙwabcin da ya ga an yi huɗa mai kyau zai karanta sunan da ke jikin rigar direba. Manyan kamfanonin duniya sun daɗe da fahimtar wannan sirri: kore da rawaya na John Deere da ja na Massey Ferguson sun isa a gane tarakta tun daga nesa. Bugu da ƙari, bankuna da hukumomi da kamfanonin da ke ba da kwangilar noma kan duba tsarin mai neman aiki, kuma ma'aikata masu kamanni ɗaya suna daga cikin abubuwan da ido yake fara gani.

Sai dai kuma wajibi ne a bambance abu biyu da ake yawan haɗawa: tufafin talla da kayan kariya. Riga mai gajeren hannu, komai kyan tambarinta, ba ta hana guba shiga jikin mai feshi. Maganin ƙwari da na ciyawa suna ratsa fata, musamman a lokacin da ake haɗa su da ruwa, don haka mai feshi yana bukatar riga mai dogon hannu da dogon wando, safar hannu ta roba, takalmin roba, tabarau da takunkumi. Mai aiki a injin casa kuwa yana bukatar tufafi masu kama jiki, domin babbar riga ko rawani na iya shiga bel ɗin inji. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta samar da kayan kariya a inda ma'aikata ke mu'amala da abubuwa masu cutarwa, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun inshorar ma'aikata. Babu ɗayansu da ta tilasta buga tambari. Saboda haka, idan kuɗi ba su isa duka biyun ba, kariya ce kan gaba.

Batun ya wuce lafiyar ma'aikaci kaɗai. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Ga jihar da take noman wake kamar Gombe, darasin a fili yake: mai saye yana son ya san wanda ya zuba magani da irin horon da ya samu. Kamfanin da ya horar da masu feshinsa, ya kuma ba su tufafin da za a gane su da shi, ya sami abin da zai bambanta kansa da masu yawo da tankin feshi ba tare da sani ba.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata a lura da shi. Tufafin da ke jawo amana su ne kuma sojan gona yake nema. Tsohon ma'aikaci da ya tafi da rigarsa zai iya karɓar kuɗin manoma ko ya sayar da jabun taki da sunan kamfani. Maganin wannan shi ne a sa wa kowace riga lamba, a rubuta wanda ya karɓa, a karɓe ta idan ya bar aiki, a haɗa da katin shaida mai hoto da rasit. Har ila yau, yana da kyau a yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a kuma yi rajistar tambarin a ofishin alamomin kasuwanci, don a sami hujja a gaban kotu.

Wajen zaɓen yadi, a tuna da zafin watannin Maris da Afrilu. Yadin auduga mai kauri ya fi na leda, kuma kowane ma'aikaci yana bukatar aƙalla saiti biyu domin wanki. Ba dole sai an yi odar daga Legas ba, tun da akwai teloli da masu buga rubutu a cikin gari.

Lissafin ba shi da wuya. Mai kamfani ya haɗa kuɗin ɗinki na shekara, ya auna shi da ribar aikin hekta ɗaya. Idan sababbin abokan ciniki biyu ko uku za su mayar da kuɗin, to jari ne. Wanda yake noma gonarsa da iyalinsa ba ya bukatar tambari. Wanda yake shiga gonakin jama'a yana karɓar kuɗinsu kuwa yana bukata, muddin aikin da ke bayan rigar mai inganci ne, domin sunan da ya jawo ciniki shi ne manoma za su riƙa ambata idan aka saɓa alkawari.